Dokar Rufe Tanki

A tashar 'yan babur da ke ƙarƙashin gada benci biyu ne, kuma wanda ke zama a ɗaya ba ya zama a ɗayan. Na dama na masu Shaho ne, na hagu na masu Raƙumi. Duka baburan a kwali ake kawo su, mai iri ɗaya suke sha, fasinja kuwa ko sunansu bai sani ba, shi dai a kai shi. Amma da ka ce wa mai Shaho babur ɗinsa ɗan'uwan Raƙumi ne, gara ka zagi kakansa.

Ciyaman ne shugaban bencin dama. Shekara goma sha ɗaya yana hawan Shaho, kuma tsuntsun nan mai buɗaɗɗun fikafikai ya bi shi ko'ina. Yana bayan jaket ɗinsa, yana goshin hular kwanonsa, yana lilo a jikin makullinsa, har a ƙofar banɗakin gidansa akwai sitika. Matarsa ta taɓa cewa da tsuntsun na yin ƙwai da tuni sun huta. Kamfanin bai taɓa ɗaukarsa aiki ba. Abin da ke tsakaninsu bai wuce riguna da hulunan da wakilin kamfani ke kawowa sau biyu a shekara ba, sai hoton da ake ɗauka bayan rabo. Duk da haka, in Ciyaman ya ce “mu”, ba danginsa yake nufi ba.

Shi ya kafa dokar rufe tanki. Wata rana Shahon wani ya mutu daidai gaban bencin hagu, mai shi ya riƙa tura shi yana gumi, 'yan Raƙumi na tafi suna cewa, “A watsa wa tsuntsu tsaba mana, yunwa yake ji!” Sati guda ana wannan waƙa. Sai Ciyaman ya tara mutanensa ya ce daga yau duk wanda babur ɗinsa ya lalace, kafin ya taɓa komai ya tuɓe rigarsa ya rufe tanki, inda tambarin yake. Ya bi lungu zuwa garejin Sifana bakanike, ya shiga ta baya. Abin da ya lalace kuma tsakaninsa da bakanike ne, ba a kawo zancen benci, don bencin hagu taku goma ne kawai kuma kunnensu ya fi na zomo. Dokar ta zauna daram. Har aka fara cewa a tasha Shaho ba ya zuwa gareji, masu Shahon da kansu suka yarda.

Abu ɗaya ya tsaya wa Ciyaman a wuya. Mijin Auta, ƙanwarsa, ɗan Raƙumi ne. Sannu-Sannu ake kiransa, don ko kaza ba ta kauce masa a hanya, ta san zai jira ta. Shekara biyu Ciyaman na yi masa magana.

“A ce surukin Ciyaman guda yana bencin hagu? Ka san abin da ake ce mini kuwa?”

“Yaya, ai yana kai ni yana dawo da ni.”

“Jaki ma yana kai mutum ya dawo da shi.”

Da sabuwar ƙirar Shaho ta fito, mai jan tanki, Sannu-Sannu ya gaji da gori. Ya sayar da tsohon Raƙuminsa ya ɗauko ɗaya. A ranar, Ciyaman da hannunsa ya zura masa riga mai tambari, 'yan bencin dama suka yi ta danna oda har mai shayi ya toshe kunne.

A wata na huɗu, ranar Talata da hantsi, aka kira Ciyaman a waya aka ce ya zo gangaren da ke sauka mahaɗar kasuwa. Ya tarar da taron jama'a a bayan wata motar kaya. Abin da idonsa ya fara gani shi ne jan tanki kwance a kwalta, tsuntsun na kallon sama, ga kuma wasu 'yan Raƙumi biyu a cikin taron. Bai san lokacin da ya zuge jaket ɗinsa ya shimfiɗa a kan tankin ba, har da gyara gefen da ya zame. Sai da ya ɗago ya ga Sannu-Sannu a ƙasa, kansa a cinyar ɗaya daga cikin 'yan Raƙumin, ƙafarsa ta dama a murɗe. Idonsa biyu. Ciyaman yake kallo.

Ba mugunta ba ce, haka Ciyaman ya riƙa faɗa wa kansa a hanyar asibiti. Hannu ne ya yi abin da ya saba. Amma tambayar ta ƙi barinsa: abin da hannu ya yi kafin zuciya ta yi shawara, ba shi ne ainihin mutumin ba?

Likita ya ce zai rayu, ƙafar ce dai ba za ta zauna ba daga gwiwa zuwa ƙasa. Kwana biyu bayan aikin aka bar Ciyaman ya shiga. Auta na zaune a kujerar roba kusa da gado, tana fifita mijinta da kwalin magani. Ta gaishe da yayanta ba tare da ta ɗago ba.

“Sannu, suruki. Allah ya sa kaffara ce.”

“Amin, Yaya.” Sannu-Sannu ya lashi leɓe. “Na taka birki, Yaya. Tun daga saman gangaren na taka. Ƙafata ta tafi har ƙasa, babu komai a ƙarƙashinta. Na kama na hannu, ga buhu biyu a bayana, ina zai riƙe?”

“Kada ka wahalar da kanka da magana.”

“A'a, bar shi ya faɗa,” in ji Auta. “An zo nan jiya ana ce mini gudu yake yi. Shi? Mutumin da in ya ɗauko ni daga kasuwa sai in ce ya sauke ni in ƙarasa a ƙafa? Ka je ka ga babur ɗin naku, Yaya. In an buɗe shi.”

Ciyaman ya gane an ba ta labarin jaket.

Daga asibiti ya wuce gareji, ya shiga ta baya kamar yadda ya koya wa kowa. Sifana dattijo ne, man inji ya zauna masa a tsagar hannu har ba ya fita. Bai tashi ba. Ya sa ƙafa ya turo wani tsohon gwangwanin fenti gaban Ciyaman. A ciki akwai guntayen siraran ƙarafa, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, duk sun karye a wuri ɗaya.

“Ƙarfen birkin ƙafa ke nan, wanda ya tashi daga abin takawa zuwa tayar baya. Bakwai. Na surukinka ne na takwas. Duk na jan tanki.”

“Bakwai? Na su wa?”

“Na mutanenka. Kowa ya shigo ta ƙofar nan da tanki a lulluɓe kamar gawa, kowa ya sa ni rantsuwa. Nasu ba a gangare ya karye ba, sun ja ƙafa sun tsaya. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne, rashin sa'arsa ce.”

“Me ya hana ka faɗa mini?”

Sifana ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. “Wata biyu da suka wuce ban ce maka ƙarfen sabuwar ƙirar nan kamar biskit yake ba? Me ka ce? Ka ce in na ƙara za ka kwashe mutanenka ka kai wani gareji. Na aika wa kamfanin ta hannun mai sayar da kayan gyara, suka ce ramukan hanya ne da yawan lodi. To ramukan Shaho kaɗai suka sani?”

Ciyaman ya ɗauki ƙarfe ɗaya yana juyawa. Bakin karayar fari ne fat, yana da ƙananan ramuka.

“Jan tanki nawa ne a bencinku?”

“Ashirin da uku.”

“Saura sha biyar ke nan suna yawo da shi. Aikin minti ashirin ne a canja. Ka san wanne nake sa musu? Na Raƙumi. Cif yake shiga, kamar don shi aka yi.”

“Kai dai ba ka da kunya, Sifana.”

“Ni ƙarfe na sani. In na je benci na faɗa, za a ce 'yan hagu ne suka saye ni. Bakwai ɗin nan kuwa ko yanka su za a yi ba za su buɗe baki ba, kai ka ɗinke shi. Kai kaɗai za su ji. Asabar ba wakilinku zai zo rabon riguna ba? Kowa na nan. Ka tashi ka faɗa.”

Ciyaman ya sa ƙarfen a aljihu ya fita. Washegari kafin ya fita aiki ya koma asibiti, ya faɗa wa Auta abin da ya gani, ya ce ranar Asabar zai faɗa a gaban kowa. Ta ce, “Allah ya sa.”

Ranar Asabar wakilin kamfani ya iso da safe a mota mai sanyi. Bai iya tuƙa babur ba, kowa ya san haka, kuma ba a taɓa riƙe shi da wannan ba. Aka sauke kwalaye huɗu, aka ɗaura ƙyalle mai tambari a ginshiƙin gada. Kafin a fara ya ja Ciyaman gefe.

“Ranka ya daɗe, mun ji abin da ya sami surukinka. Kamfani na jajantawa ƙwarai.” Ya ciro wata jaket daga leda, baƙa, mai nauyi, da jan zare an rubuta JAKADA a ƙirji. “Guda uku kawai aka ɗinka a duk yankin nan. Manya sun san da kai.”

Bai roƙe shi komai ba. Da ya roƙa da abin ya zo da sauƙi, da Ciyaman ya sami wanda zai yi wa faɗa. Ya riƙe masa jaket ɗin ta kafaɗa, Ciyaman ya zura hannu. Ta zauna masa daidai.

Aka fara rabo. Ana wawaso, ana gwada huluna, wani na cewa a canja masa tasa rigar ta matse masa tumbi. Guguwa, wanda ya fi kowa baki a bencin dama, ya ɗaga murya yadda 'yan hagu za su ji.

“Allah ya ba Sannu-Sannu lafiya. Amma a faɗi gaskiya, wanda ya saba jan raƙumi ba rana ɗaya yake koyon tashi sama ba!”

Wasu suka yi dariya. Ciyaman ya lura da waɗanda ba su yi ba, suna ta duba ɗinkin rigunansu. Ya ƙirga su a zuci, bakwai. Bencin hagu kuwa yau shiru. Ba tafi, ba waƙa. Wanda ya riƙe kan Sannu-Sannu a cinyarsa na zaune a bakin benci, ya harɗe hannu yana jira.

Aka ce Ciyaman ya yi jawabi. Ya hau kan kwali, hannunsa na aljihun wando a kan ƙarfen. Ya shirya maganar tun jiya, gajera ce: duk mai jan tanki ya ajiye makulli yanzu, ƙarfen birki na karyewa, an samu takwas, laifin dokata ne. Ya dubi fuskoki sittin, kowace da tsuntsu a goshi. Shi ya kawo rabinsu bencin nan. In ya faɗa, abin da ya gina shekara goma sha ɗaya zai rushe a gaban 'yan hagu, kuma zai zama mutumin da ya cire wa mijin ƙanwarsa ƙafa don gudun gori. In bai faɗa ba ma shi ne mutumin, sai dai shi kaɗai zai sani, da Sifana, da mutum biyu a asibiti.

“'Yan'uwa,” ya ce, “abin da ya sami ɗan'uwanmu darasi ne. Rai ba shi da sifiya. Ina kira ga kowa, mai tsohuwar ƙira da mai sabuwa, ya riƙa duba birkinsa. Kada a yi wasa da birki. Duk wanda ya sami sarari ya leƙa gareji a duba masa. A rage lodi. A kiyaye gangare.”

Ya tsaya. Akwai sauran dama, kowa na saurare. Ƙarfen ya yi zafi a tafinsa.

“Shaho!” Guguwa ya ƙwala.

“Sama!” taron ya amsa, aka ɓarke da tafi da oda. Wakili ya kama hannun Ciyaman ya ɗaga, mai hoto ya ce a matso. Mutumin bakin bencin hagu ya tashi, ya buga Raƙuminsa ya tafi.

Kafin rana ta take an watse. Ciyaman na tsaye yana kallon jajayen tankuna suna fita daga ƙarƙashin gada ɗaya bayan ɗaya, masu su cikin sababbin riguna. Babu wanda ya juya wajen gareji. Asabar ce, ranar ciniki, wa zai ɓata ta don nasihar da ake yi a kowane taro? Ɗaya ya ɗauki wata mata da kwandon kaya, ya nufi gangaren kasuwa.

Da la'asar ya je asibiti. Auta na wanke kofi a famfon baranda. Ta dubi jaket ɗin, ta karanta abin da ke ƙirji a hankali, leɓenta na motsi.

“Ka faɗa musu?”

“Na yi magana a kan birki.”

“Ba abin da na tambaye ka ba ke nan, Yaya.”

“Na ce kowa ya je a duba masa. A gaban kowa na faɗa. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba.”

“Na sani. Ai kai ba ka ƙarya.”

Ta shiga ɗaki, ya bi ta. Sannu-Sannu ya ji komai, don ƙofar a buɗe take. Bargon ya kwanta shafal a inda ya kamata ƙafar ta kasance.

“Su nawa suka rage, Yaya?” in ji Sannu-Sannu.

“Sha biyar.”

“Ka san su duka?”

Ya san su. Ya san matansu, ya san wanda aka yi wa haihuwa watan jiya, ya san wanda ke riƙe da uwarsa makauniya.

“Zan bi su ɗaya-ɗaya,” ya ce. “A hankali, ba tare da an yi surutu ba. Ranar Litinin zan fara.”

Auta ta ajiye kofin a kan durowa, ta goge hannu a zaninta.

“Gobe ma suna fita aiki, Yaya.”