Haƙorin Faith a Cikin Hankici

Ranar Asabar ce, rana ta ɗan karkata, Kande tana tsugune a tsakar gida tana dirzar tukunya sai ta jiyo ƙarar 'yarta daga waje. Ba kukan shagwaɓa ba ne, uwa ta san bambanci. Ta fita da kumfa a hannu, ta tarar da Faith, 'yar shekara goma sha ɗaya, durƙushe a bakin kwatar layinsu na Tarauni, keken maƙwabta yashe a gefe, jini yana tsiyaya ta tsakanin yatsunta. Da Kande ta janye hannun yarinyar sai ga giɓi a sama, daidai tsakiya. Haƙorin gaba ya fita ɗungurungum. Kuma ba na famfara ba ne, an wuce nan tuntuni. Wannan shi ne wanda za ta yi dariya da shi har tsufa.

Istifanus, mijin Kande, ya fito da singileti yana ta "Me ya faru? Me ya faru?" sai ka ce babu ido a kansa. Wata maƙwabciya ta ce ta taɓa jin ana mayar da haƙori idan an kai wa likita da wuri. Jin haka Kande ta tattare zane, ta cusa hannu cikin kwatar, ta yi ta lalube a baƙin ruwan nan har ta ji shi a yatsa. Ta ɗago shi, dogo da saiwarsa, duk ya yi dumu-dumu da dagwalo.

To, sai fa an san Kande. Shekara goma sha huɗu tana koyarwa a firamare, kuma ita ce mai duba farce da haƙoran yara duk ranar Litinin, da 'yar tsumagiya a hannu. Gidanta ko kwano ba ya wuni da maiƙo. Mace irin wannan ce za ta miƙa wa likita abin da ta tsamo daga kwata, wai a mayar a bakin 'yarta? Allah ya kiyaye! Kafin Istifanus ya gama neman rigarsa ta tsiyayo ruwan zafi daga filas, ta ɗauko sabulu da sabon buroshi, ta dirje haƙorin nan sama da ƙasa. Wani ɗan jan nama ya manne a saiwar ya ƙi fita, ta sa farce ta kankare shi. Ta goge shi tas, ta naɗe a farin hankici mai guga. Faith tana zaune kan turmi, ta cije tsumma, tana kallonta.

A bakin titi rigima ta tashi. Kande ta ce akwai wani ƙaramin asibitin haƙori a Gyadi-Gyadi, kullum tana wuce allonsa in za ta makaranta, ko minti biyar ba za su yi ba.

Istifanus ya ce, "Wa kika sani a can? Ni ba zan kai 'yata hannun baƙo ba. Ga Joshua, likitan haƙori ne, ɗan garinmu, cocinmu ɗaya."

"Baban Faith, Joshua fa a Sabon Gari yake. Kuma yau Asabar."

"Maman Faith, ki bar ni in yi abin da na sani."

Abin da ya sani ɗin kuwa shi ne ya cusa su a adaidaita sahu suka kutsa cikin cunkoson gari. Sun isa suka tarar da ƙofa garƙame da kwaɗo. Istifanus ya buga waya, Joshua ya ce ga shi nan, yana hanya. Suka zauna a dakalin wani mai shago. Leɓen Faith ya kumbura suntum, ta daina kuka, sai ajiyar zuciya. Kande ta dunƙule hankicin a tafin hannu tana duban agogon waya. Aka sake bugawa, yana hanya. A bugu na uku kiɗa ya cika wayar, bawan Allahn nan ya faɗi gaskiya: yana wajen biki a Zariya, sai Litinin.

Wayyo, Kande! Abin da ta haɗiye tun daga gida ya ɓalle a cikin adaidaitar da ta juyo da su. Ta ce wa Istifanus shi mutum ne wanda sanayya ta fi masa 'yar cikinsa. Ta ce ko gobara ce ta tashi, sai ya tsaya neman ɗan garinsu mai guga. Ta ce, "Wallahi in haƙorin nan bai zauna ba, kai ne. Duk ranar da yarinyar nan ta sa hannu ta rufe baki in za ta yi dariya, ka tuna yau. Ni na yi nawa, har kwata na shiga." Mai adaidaita ya rage rediyonsa don kada wata kalma ta wuce shi. Istifanus ya sunkuyar da kai, don shi ma ya yarda laifinsa ne.

Asibitin Gyadi-Gyadi yana saman wani shagon tela, a buɗe yake, kuma a buɗe yake tun safe. Likitar matashiya ce, sunanta Fiddausi. Ta kwantar da Faith kan kujera, ta duba dasashin, ta tambayi lokacin da aka faɗi.

Kande ta ce, "Awa biyu da wani abu, likita. Ki tambayi ubanta dalili."

Likita ba ta tambaye shi ba, ta miƙa hannu aka ba ta hankicin. Ta warware, ta ɗaga haƙorin da ɗan ƙarfe zuwa hasken fitila, ta juya shi, ta sake juyawa. Fari ƙal, ko ɗigon jini babu.

"Wa ya wanke shi?"

Faith ce ta amsa, da kumburarren baki, amma da alfahari. "Mama ce. Da sabulu da buroshi da ruwan zafi. Har da farce ta kankare."

Likita ta ce wa yarinyar ta kwanta abinta, ta yafito iyayen zuwa baranda ta ja ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce jan naman nan da ke jikin saiwa shi ne ran haƙorin, da shi yake kama dasashi ya sake zama. Ba a gogarsa, ba a barinsa ya bushe. A riƙe haƙorin ta kansa, a ɗauraye kaɗan, a jefa shi a kofin madara, shi ke nan.

Madara! Akwai ta a gida, a kan tebur, kusa da filas ɗin da Kande ta tsiyayi ruwan zafi.

Istifanus ya ce a hankali, "To likita, da mun zo nan kai tsaye fa?"

"Da a madara yake, ko da wannan jinkirin naku ina da ɗan ƙwarin guiwa. Bayan wankin nan kuwa, ko minti goma kuka yi a hanya amsata ɗaya ce." Ta ce za ta mayar da shi ta ɗaure da waya don ya riƙe gurbin, amma kada su sa rai. Jiki zai yi ta cin saiwar a hankali, wataƙila ya yi 'yan shekaru, daga nan sai na roba.

Kande ta kama ƙarfen baranda. Ta so ta ce ai daga kwata ta tsamo shi, ta so ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su da amfani. Da hannunta ta kashe haƙorin 'yarta, tana yi tana jin ita ce uwar kirki, sannan ta kwashe laifin kaf ta zuba wa mijinta a gaban mai adaidaita. 

Da aka gama, Faith ta sauko daga kujera, baki ya mutu da allura, siririyar waya a kan haƙoranta. Ta karɓi wayar ubanta ta duba fuskarta a kyamara, ta ga giɓi ya toshe. Murmushi ya kufce mata duk da kumburin.

"Baba, ka ga ya koma! Da Mama ba ta wanke shi ba, da da ƙazantar kwata za a sa mini."

Istifanus ya dubi Kande. Ta jira ya rama, ta ma so ya rama, a gaban likita da kowa. Sai ya gyara wa yarinyar wuyan riga.

Ya ce, "Haka ne. Ki gode wa mamanki."

Faith kuwa ta zo ta rungume ta, ta gode mata.