Hannayen Kubra a Kurudu

Kubra ba ta taɓa yarda a ɗauki fuskarta ba. Duk sanda mijinta Zulkifilu ya ɗaga waya sai ta juya masa ƙeya ta ce, "Malam, in aikin yi ka rasa, ga wake can ka tsince." Shi kuwa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya saba a hana shi abu ya yi rabinsa, don haka sai ya sunkuyar da wayar ya ɗauki hannayenta. Hannu yana yanka alayyafo, hannu yana murɗa rediyo, hannu yana ninke kallabi. Da ta rasu bara, aka kai ta garinsu aka binne, ya dawo gidansu na Garki, maƙwabta suka yi masa ta'aziyya ta saƙon waya. Yamma ta riƙa yi masa tsawo, sai ya zauna ya jera guntayen bidiyon nan ɗaya bayan ɗaya.

Angela, wata 'yar Filato mai yawo da majigi unguwa-unguwa tana nuna finafinan da babu mai saye, ta gani a wayarsa wata rana ta dafe ƙirji.

"Oga, wannan ai fim na gwaji ne! Da gangan ka ɓoye fuska!"

Bai gyara mata ba. Ya haura hamsin, kuma ba a taɓa zarginsa da yin wani abu da gangan ba sai ranar. Da ta ce za ta nuna fim ɗin a majiginta, ya yarda.

Najwa, 'yarsu tilo da ke aure a Gwarinpa, ta ji labari ta kira shi. "Abba, ranar jana'iza ko hawaye ba ka yi ba, yanzu kuma za ka kai Umma kasuwa?" Tun daga nan ta daina ɗaukar wayarsa. Ita kaɗai ta rage masa, ya san haka sarai, irin sanin da mutum yake yi wa lambar motarsa. Ya dai aika mata saƙo: Asabar, bayan la'asar, ɗakin taron unguwa a Kurudu. Ba ta amsa ba.

Ranar Asabar aka toshe tagogi da baƙar leda, janareta yana ta tari a waje. Ɗakin ya cika, amma Zulkifilu bai yaudari kansa ba, akwai fanka kuma zoɓo kyauta ne. Leburori sun shigo da siminti a ƙafa, masu talla sun jingine kayansu da bango, ga wasu samari daga cikin gari masu tabarau da jakar goyo. Aka fara da fim ɗin wani saurayi, Nathan, famfo ne yana ɗiga daga farko har ƙarshe. Da ya ƙare aka yi tafi sosai, ba a san ko na yabo ne ko na samun sauƙi ba.

Ana cikin tafin Najwa ta shigo. Ta zauna a kujerar bakin ƙofa, jaka a cinya, zaman wanda bai yi niyyar daɗewa ba.

Hannayen Kubra suka cika bango, babu sauti.

"Kai, matar nan ta iya wuƙa," in ji wata.

"To ina kanta?"

"Mai ɗaukar ne gajere," in ji Obadiah mai walda, aka kwashe da dariya.

Zulkifilu ya kalli bangon yana jiran ya ji wani abu. Abin da ya zo masa kawai shi ne wuƙar nan tana nan a kicin, kuma tana son wasawa.

Angela ta yaye leda ɗaya, haske ya shigo, ta zaunar da shi a gaba ta ce a yi tambaya. Wani mai tabarau ya yi doguwar magana a kan shiru da jiki da ma'ana, Zulkifilu ya ce, "Haka dai ya zo." Ta gefen ido ya ga Najwa ta miƙe tana rataya jaka. Ya san in ta fita shi ke nan, ya kuma ga ƙafafunsa ba su da niyyar tashi.

Wani dattijo mai tallan dabino, Baffa, ya ɗaga hannu da faranti a gwiwarsa.

"Ranka ya daɗe, ni tambayata ƙarama ce. Mai hannun, me ya hana ta zuwa?"

"Ta rasu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaushe?"

"Bara."

"Kuma aka bar mu muna ta shashanci a kan baiwar Allah?" Baffa ya ajiye farantin ƙasa, ya buɗe tafukansa. "Jama'a, a yi salati."

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Obadiah ya cire hula ya sunkuyar da kai. Angela ta ce, "Akwai saura fim biyu fa," sai ta ga babu mai jin ta, ta sauke makirufo. Aka shafa fatiha, mutane suka yi layi kamar abin da ya tara su ke nan tun farko.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin, Allah ya ba da lada."

Bakinsa yana amsawa da kansa. Wata mata mai ƙiba da ake kira Maiturare, ƙamshin kayan sana'arta yana gabanta, ta tsaya ta ce, "Ta bar baya?"

Najwa 'yar fari ce, bai saba kama sunanta cikin mutane ba. Ya nuna ƙofa da haɓa.

Maiturare ta cim mata kafin ta taka waje. "Ina zuwa, 'yar nan? Ana gaisuwar uwarki kina raɓe a ƙofa kamar baƙuwa?" Ta riƙo hannunta, aka jawo kujerar roba aka manna da ta Zulkifilu. Ana iya ƙin ɗaukar wayar uba, amma ba a juya wa mai ta'aziyya baya. Najwa ta zauna, ta gyara mayafi, ta fara amsa amin tare da shi.

Da layi ya yi sauƙi, ta yi magana ba ta dube shi ba.

"Abba, ina muryarta?"

"Na cire."

"Saboda me?"

"Duk faɗa take yi mini."

"To ai faɗan shi ne Umma. Wannan da ka nuna, hannun kowa ne." Wata ta gaishe su ta wuce. "Na asalin yana nan?"

"Yana gida."

"Zan zo gobe bayan azahar. Kada ka ƙara taɓa komai."

"To," ya ce. Can kuma ya ce, "Akwai wake."

Ba ta yi dariya ba, amma ta sauke jakar ta ajiye a ƙasa. Baffa ya danƙa masa dabino cikin hannu ya ce sadaka ce ga mamaciya. Zulkifilu ya leƙa ƙirjinsa ya tarar yana nan yadda yake, kamar ofis ranar Juma'a da yamma. Ya dai tuna falon yana son shara kafin gobe, kuma bai san inda Kubra take ajiye tsintsiya ba. Angela ta mayar da leda a taga, janareta ya yi tari, aka sa fim na gaba.