Kantar Cataldo da Gwiwoyin Kakana

Shekara arba'in da ɗaya kakana Fulgenzio yana shan gahawar safe a gidan abincin Cataldo, a tsaye, gwiwar hannunsa a kan kantar da ake miƙo gahawa, Oronzo mai gyaran agogo a damansa. Tun da suke, bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya ba. In Oronzo ya ce za a yi ruwa, Kaka zai ce fari ke tafe. In ya yabi ɗan ƙwallo, Kaka zai ce jaki mai ciki ya fi shi gudu. Minti biyar suke yi su watse, kowa ransa fes.

Sai ciwo ya shanye wa Kaka ƙafafu. Ya dawo daga asibiti a keken guragu, Mama ta ce in riƙa raka shi da safe. Shi ke tura kansa, ni dai in bi bayansa da littafina.

Ranar farko ya nufi gurbinsa na da. Kantar nan ta dutsen marmara ce, ta kai ƙirjin mutum a tsaye. Daga inda Cataldo yake, hular Kaka kawai ake gani.

“Dattijo Fulgenzio, ga tebur can bakin taga, har da fure,” in ji Cataldo.

“Tebur? Ka ga kyamara a wuyana? Ko na yi kama da baƙon da ya sauko daga jirgin ruwa?”

“To a miƙo maka ƙasa.”

“Kamar kyanwa ke nan. Ajiye a inda ka saba.”

Cataldo ya ajiye. Hannun Kaka bai kai ba, kuma bai yarda kowa ya taɓa ba. Oronzo ya gwada jan musu, amma sai ya sunkuya kamar mai yi wa yaro magana, abin bai yi armashi ba. Gahawa ta huce, aka zubar.

Haka muka yi mako uku. Kullum Cataldo ya dafa, ya gaida hula, ya zubar. Oronzo ya ce masa ya rage tsayin kantar mana.

“Ubana ne ya kafa dutsen nan da hannunsa! In yanka shi kamar cuku?”

Amma abin da ya fi cin ran Cataldo shi ne zubar da gahawarsa. A garinmu ka zagi mutum ya fi sauƙi a kan ka bar masa kofi cike. Ranar Litinin ta huɗu ya kira Pantaleo magini.

Pantaleo ya zo da tef, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannun Kaka sau uku, yana kaɗa kai. Ya yanke ƙarshen kantar, wajen bango, ya sauke dutsen ƙasa. Cataldo ya fita waje don kada ya ji ƙarar zarto. Da aka gama, Pantaleo ya toshe ƙarƙashin dutsen da tayil shuɗi mai zanen lemo, kyauta, wai don a san hannunsa.

Washegari mutane suka cika, har da tafi. Kaka ya turo keke a hankali, sai ji muka yi ƙwas! Gwiwoyinsa sun bugi tayil. Tsakaninsa da kofi akwai kamu biyu. Ba wanda ya kushe aikin, saboda tayil ɗin ya yi kyau kuma Pantaleo na tsaye. Kaka ya ja baya, ya juya keken a kaikaice, fuskarsa na kallon bango, ya ɗauki kofi da dama ya shanye. Aka sake tafi.

Oronzo ya zagayo ya tsaya a hagunsa, don nan ne kaɗai fili.

“To, Fulgenzio, bana zaitun zai yi albarka.”

“Haka ne,” in ji Kaka.

Oronzo ya dube shi. “Na ce zai yi albarka fa.”

“Haka ne, haka ne.”

Kwana uku ana haka. Oronzo ya daina cin abinci sosai, matarsa ce ta gaya wa Mama a kasuwa. Rana ta huɗu ya zo da shiri. Ya gyara murya yadda kowa zai ji.

“Miyar tumatir ɗin matata ta fi ta marigayiya mahaifiyarka. Nesa ba kusa ba.”

Cataldo ya saki cokali. Wani ya yi alamar gicciye.

“Haka ne,” in ji Kaka, yana murmushi da bango.

Oronzo ya cire hula, idonsa ya kawo ruwa. “Shi ke nan. A kira fada daga coci. Mutumin nan tafiya zai yi.”

Ni ba na iya magana cikin mutane, ko a aji sai muryata ta maƙale. Amma na san abin da ba su sani ba, don Kaka ya hana a faɗa. Na miƙe, littafina ya faɗi, kowa ya juyo.

“Ba... ba mutuwa zai yi ba. Kunnensa na hagu ne ba ya ji. Na daman kuma yana wajen ƙarar injin gahawa. Da gwiwoyinsa za su shige ƙarƙashi, da ya fuskanci kanta kamar kowa.”

“Nunzia!” Kaka ya daka mini tsawa. Wannan kam ya ji, ban san ta yaya ba.

Cataldo ya dubi tayil, ya dubi Oronzo da ke share hanci. Ya shiga kicin ya fito da gudumar da suke dukan nama.

“Wayyo lemona!” in ji Pantaleo daga bakin ƙofa.

“Ka auna hannu ka manta ƙafa, ɗan nema! Matsa!” in ji Cataldo.

Sau biyar ya doki tayil ɗin. Lemo suka tarwatse, kogo ya buɗe a ƙarƙashin dutsen. Aka share. Kaka ya shige cif, ya ɗora gwiwar hannu a kan marmarar uban Cataldo. Oronzo ya jawo kujera, abin da bai taɓa yi ba a gidan, ya zauna a damansa, kafaɗa da kafaɗa. Aka ajiye musu kofi biyu.

Oronzo ya kurɓa, ya ce a hankali, kamar mai taɓa ruwan zafi da yatsa, “Gahawar yau ta yi daɗi.”

“Ruwan wanke-wanke ce,” in ji Kaka, ya shanye tas. “Kuma wai me ka ce ɗazu da aka yi tsit?”

“Ni? Zancen zaitun nake.”

“Zaitun? Bana ko kwando ɗaya ba za a samu ba.”

“Kai dai ba ka san komai ba, tsohon banza!”

Cataldo ya juya baya yana goge kofin da ya riga ya goge, kafaɗunsa na rawa don dariya.