Maiƙo a Gilashin Auta

Ƙafar Auta ta dama likitoci sun yanke ta daga gwiwa, ta hagun kuma 'yan sanda suka ɗaure ta da ankwa a ƙarfen gadon asibiti. Mai ƙafa ɗaya, wai kada ya gudu. Kwana huɗu Iya, uwarsa, tana zaune a ƙasa tana kallon ankwar nan, ko hawaye ba ta yi ba, don zuciyarta ta riga ta ƙone ruwan idon.

Ranar Talata da hantsi ne ruwa ya kece, Auta na tuƙa bas cike da fasinja, ya shige bayan wata tirela da ke tsaye a bakin gada. Mutum biyu suka mutu nan take. Kafin a gama zare shi daga sitiyari jama'a sun rufe shi da duka, wani da dutse, wani da ƙotar laima, haƙoransa uku a kwalta suka kwana. Mai Mota kuwa, wanda Auta ke tuƙa wa bas ɗin, da ya je ofishin 'yan sanda sai ya ce ai yaron ƙwaya yake sha, ya sa hannu a takarda ya koma gida. Yaron da ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba.

A rana ta huɗu bakin Auta ya buɗe. Ya gaya wa uwarsa cewa da safen nan Kumfa, mai wankin motocin tasha, ya shafa masa man korar ruwa a gilashin gaba, har ya watsa kofin ruwa ya nuna masa yadda yake gangarewa ƙwaya-ƙwaya. Amma da ruwan sama ya sauko ya kunna waifa, shara ɗaya ta yi, gilashin ya koma fari fat kamar an zuba madara.

Iya ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma shekara talatin ta yi tana wanke-wanke a gidan abinci. Ta san kwanon da ruwa ke gudu a kansa ƙwaya-ƙwaya: kwanon da maiƙo bai fita ba ne. Ta tafi har inda aka jefar da bas ɗin, ta ɓalle guntun gilashi, ta murza da babban yatsa. Santsi. Ta shinshina, warin kananzir da man goge jikin mota. Ta bi motoci uku na waɗanda suka sayi man korar ruwa na gaskiya a kanti, ta murza nasu, gilashin na kuka ƙii, yatsa a bushe. Daga nan ta ɗauki sifanar taya a akwatin Auta ta soke a zani.

Mai Mota kullum da safe yake kawo tasa motar ta shiga wurin wanki, wannan ta sani. Ta same shi a kan benci yana latsa waya, Kumfa na kwara wa tayoyi ruwa da tiyo. A kan kantar wurin wankin akwai kwalabe biyu iri ɗaya, ɗaya a gaba duk ta yi dauɗa, ɗaya a ɓoye bayan soso.

Kumfa ya gaishe ta da ya mai jiki. Ta tambaye shi da wace kwalba ya shafa wa ɗanta. Ya yi dariya, ya miƙo mata ta gaban, ya ce ga rubutu nan a jiki, ta karanta in ta iya.

"Ba na karatu, ɗan nan," in ji ta. "Amma tun kafin a yaye ka nake wanke maiƙo."

Ta kwance murfin ta juye rabin kwalbar a gilashin motar Mai Mota, ta bi da tsumma. Kumfa ya yar da tiyo ya yi kanta, yana cewa ba wannan ake sa wa motar oga ba. Maganar ta fita kafin ya tare ta, Mai Mota ya ɗago kai. Kumfa ya fizgi hannunta, ta ƙi saki, ya kwaɗa mata mari har ta faɗi cikin ruwan sabulu, leɓenta ya fashe. Tsohuwa sa'ar uwarsa. Daga kwancen ta zaro sifana ta sauke masa a ƙoƙon gwiwa. Ƙarar da ta fita kamar an fasa busasshen icce. Ya zube yana kiran uwarsa, ta miƙe ta ƙara masa a yatsun hannun da ya mare ta da shi, don hannun nan ne ya riƙe tsumma ranar Talata.

Direbobi suka taso za su riƙe ta. Ta ɗaga ƙarfen, jini na bin haɓarta, ta ce duk wanda ya gaji da gwiwarsa ya matso. Ba wanda ya gaji.

Ta juya ga Mai Mota ta ce ya shiga motarsa. Ya fara cewa haba Iya, a bi a hankali, ai hukuma na bincike. Ta ce hukuma bakinsa ta bincika, kuma ƙarya ta samu a ciki. Ko don kunyar idon jama'a, ko don sifanar, ya shiga ya zauna. Ta sa wani direba ya ɗaga tiyo sama, ruwa ya riƙa sauka kamar na damina. Da farko abin gwanin sha'awa, ruwan na birgima ƙwaya-ƙwaya. Ta ce ya kunna waifa. Shara ɗaya, shara biyu, fuskar Mai Mota ta ɓace a bayan farin gilashi.

Iya ta tako gaban motar, taku ɗaya tsakaninta da shi. Ta ɗaga sifana da hannu biyu, ta tsaya, ta ba shi lokacin da zai kauce in yana gani. Bai motsa ba. Ta sauke. Gilashin ya tarwatse a cinyarsa, tsinin ƙarfen ya tsaya tazarar yatsa huɗu da hancinsa, wani ɓallin ya tsaga masa goshi.

"Ka gan ni ina zuwa?"

"Ban gani ba, Iya."

"Ƙwaya ka sha?"

Wandonsa ne ya amsa, kuma ba ruwan tiyo ba ne.

A motar nan marar gilashi suka tafi ofishin 'yan sanda, iska na dukan fuska, Kumfa a baya yana nishi, Iya a gaba ta rungume kwalaben biyu a ƙirji kamar tagwaye. Mai Mota ya janye maganarsa a gaban babban jami'i, Kumfa ya faɗi da bakinsa yadda yake cika kwalbar gaban da haɗin kansa in ta ƙare, ya ɓoye ta gaskiyar don motar oga. Ita ma aka rubuta ta a kan gwiwar da yatsun. Ta dangwala yatsa a takardar ba gardama, ta ce ita ta san abin da ta yi, kuma ido buɗe ta yi shi.

Da la'asar wani kurtu ya zo asibiti da makulli ya kwance ankwar. Ta bar zobe baƙi a idon sawun Auta. Iya ta zauna a bakin gado, leɓe a kumbure, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murza wurin a hankali. Ita kenan ƙafar da ta rage musu.