Garin da Gwaggo Ba Ta Sani Ba

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka ɗauke ni aikin koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Yakasai. Gwaji aka ce ana yi min. Idan tambayoyin jarrabawata suka gamsar da Malam Isyaku, shugaban sashenmu, ajin ya zama nawa. In ba haka ba, a ba wani.

Na zana taswirar birninmu, na jera tambayoyi a ƙasanta. Malam Isyaku ya karanta, ya miƙo min.

"Malama Ikram, a sake."

Na karɓa na fita, ban san dalili ba.

A gida na tarar da Gwaggo Luba, yayar babana, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta dubi fuskata.

"Wa ya taɓa min 'yar jami'a?"

Na shimfiɗa taswirar a kan tabarma, na ce bari in gwada ta. "Mutum ya tashi daga Ƙofar Mata zai je Goron Dutse, ina ya nufa?"

"Yamma mana."

"Wace babbar kasuwa zai..."

"Kurmi. Ya tsaya ya sayo min kanwa."

Haka ta yi ta amsawa, idonta na cikin faifai. Ko sau ɗaya ba ta kalli takardar ba.

"Gwaggo, ki duba taswirar mana!"

"In duba me? Garin da aka binne cibiyata?"

Sai na tuna, ɗalibaina ma a nan aka binne tasu. Ko ban koya musu komai ba za su cinye tambayoyin nan.

Na ɗauko sabuwar takarda na ƙirƙiro gari. Na ja rafi ta tsakiya, na sa gada ɗaya, masallaci, kasuwa, marina da rijiya. A gefe na zana kibiya mai nuna arewa. Na nuna mata alamar kowanne.

"Daga masallaci zuwa kasuwa, me za a tsallaka?"

Ta ajiye faifan, ta jawo takardar, ta juya ta har gabas ta koma gabanta kamar mai shirin salla. Sai ta bi hanyar da yatsa.

"Gada. Amma wane marar tausayi ne ya gina garin nan? Tsoho ya idar da salla, sai ya yi wannan doguwar tafiya kafin ya sayi goro?"

"Ni ce."

"To, Allah ya shirye ki. Kuma ki ɗauke rijiyar nan daga gefen marina, kada mutane su sha shuni."

Na matsar da rijiyar. Ganin yadda ta juya takardar, na ƙara wa kibiyar arewa kauri.

Washegari na tsaya a ofishin Malam Isyaku ina murɗa bakin mayafina. Ya karanta tambaya ta farko, ya ɗaga kai kamar zai amsa, sai ya gyara tabarau ya sunkuya yana neman gadar.

"Wannan garin a wace ƙaramar hukuma yake?"

"Babu shi, Malam," na ce a hankali.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ki kai wa mai buga takardu. Zango mai zuwa kuma ki zo min da tsarin darasinki na ajin."