Kwalbar Aidin

Safiyo ya shiga kantin maganin da takun wanda ya san abin da ya zo nema. Ƙuruciyarsa duk ta ƙare wajen auna filaye a dazuka da kan duwatsu, ya sha ruwan kududdufi da na gulbi, kuma yana alfahari cewa ciki bai taɓa kwantar da shi ba. Yanzu ya yi ritaya, gwiwa ta ƙi, waya ta daina ƙara.

A bakin ƙanwarsa ya ji cewa Auta, 'yarsa ma'aikaciyar jinya, za ta bi wata tawaga zuwa ƙauyukan da ambaliya ta yanke, inda rijiyoyi suka gauraya da ƙazanta. Rabonsa da ita tun wata gaisuwar tsaye a bakin titi. Ya daɗe yana neman abin da zai riƙe a hannu ya ƙwanƙwasa ƙofarta, kada ya tsaya gabanta hannu sake kamar mai neman gafara. To ga abu ya samu. In da akwai abin da ya sani a duniya, ruwan daji ne.

Mai kantin, wata mace mai tabarau, ta jera masa ƙwayoyin tsarkake ruwa a kan gilashi.

"Wannan ta kulorin ce, Baba, ita aka fi saye. Wannan ta fi ta ƙarfi, amma sai an yi haƙurin jira. Waccan ta aidin ce, ta tsofaffi."

"Tsofaffin ne suka rayu har suka haife ku," in ji shi. Ya ɗauki ƙaramar kwalbar mai launin ƙasa ya girgiza ta kusa da kunne. "Ruwa ya yi launin ɗorawa, ya yi ɗaci, ka san magani ya kama. Waɗancan naku sai warin wankin banɗaki."

Ta yi dariya. "Wa zai sha? Domin akwai waɗanda aidin ba ya..."

"'Yata ce. Jinina ce, cikinmu ɗaya."

Ya tarar da falon Auta a hargitse. Jakunkuna a buɗe, takalman roba, fitila, gidan sauro a naɗe kan kujera. Surukinsa ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawar da kaya ya ba shi wurin zama, sa'an nan ya saɓi jaka ya sauka ƙasa.

"Baba, lafiya dai?" in ji Auta.

"Sai da rashin lafiya uba ke zuwa?"

"Haka muka saba gani."

Ya zaro kwalbar ya ajiye kan tebur, bakinsa ya buɗe da abin da ya yi ta shiryawa a hanya. In ruwa ya yi laka, ta fara tace shi da tsumma mai tsabta, domin ƙwaya ba ta aiki a cikin taɓo. In ta jefa ƙwayar a gora, ta girgiza, ta sassauta murfin, ruwan ya ɗan zubo ya wanke bakin gorar, nan ne cuta ke ɓuya. In ruwan na da sanyi, ta ƙara jira. Yana magana yana jin kansa ya koma mutum.

Auta ta saurara har ƙarshe. Ta ɗauki kwalbar ta juya ta, ta karanta, ta mayar da ita tebur a hankali.

"Aidin ne. Likita ya hana ni."

"Wane likita? Ai ni wannan na sha har..."

Ta sa yatsa ta ja mayafinta ƙasa. A gindin wuyanta akwai tabo siriri a kwance, ya riga ya dushe, alamar ba na jiya ba ne.

"Maƙoƙo. An yanke rabi."

Safiyo ya kafa wa tabon ido. Shi da yake hango ƙusa a kan turke daga wancan tsauni, ya tsaya da yarinyar nan a bakin titi bai ga wuyanta ba.

"Ba wanda ya gaya mini."

"Na kira ka, Baba. Ka ce kana daji, layi ba kyau, za ka neme ni in ka fito. Kawu ne ya zauna a ƙofar ɗakin tiyata." Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi masa ciwo. "Ya wuce. Ni ban riƙe ba, na dai daina jira."

Ya miƙe da sauri har gwiwar ta soke shi. "Bari in koma in canzo ta kulorin. Kantin ba nisa."

"Mijina ya sayo tuni." Ta nuna wani farin kwali a aljihun jakarta. "Ya kai wa likitana ya duba kafin ya kawo."

Daga ƙasa mota ta yi oda. Auta ta ɗaga kwalbar, ta saka masa a aljihun gaban riga, ta ɓalla maɓallin kamar yadda ake yi wa yaro.

"Ka riƙe, kai ba ta yi maka komai. Ka sauka a hankali, matakalar na da santsi."