Zakara Mai Zaman Kansa

Zakara yana cusa silifas ɗinsa cikin leda lokacin da manajan gidan rediyon ya leƙo ɗakin watsa shirye-shirye.

"Kofin shayin ma ɗauke shi," in ji manaja. "Da matashin kujerar. Kada matar harajin nan ta ga alamar kana da wurin zama."

Shekara goma sha bakwai ke nan yana gabatar da shirin safe, shi ya sa ake ce masa Zakara. A takarda kuwa shi ba ma'aikaci ba ne, ɗan kwangila ne mai zaman kansa, don haka gidan bai taɓa biyan harajin albashinsa ko kuɗin fanshonsa ba. Manaja ya faɗa masa ba kwana-kwana: in hukumar haraji ta ce shi ma'aikaci ne, gidan ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, sai dai ya bar shirin. Zakara kuwa gara a hana shi abinci da a raba shi da makirfon nan.

Jami'ar haraji ta iso ƙarfe goma, tabarau a karan hanci, fayil a hammata.

"Wa ke sa maka lokacin zuwa aiki?"

"Ni da kaina, ranki ya daɗe."

"Kullum biyar da rabi na asuba? Shekara goma sha bakwai?"

"Haka raina yake so, kuma ba ya canzawa."

Ta dubi kujerar, wadda ta lotsa daidai faɗin Zakara, ta rubuta wani abu.

"Saura tambaya ɗaya. Mai zaman kansa yana iya turo wani ya yi aikin a madadinsa, ma'aikaci ba ya iyawa. Kai fa?"

Manaja na bayanta yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

"Ko gobe," in ji Zakara.

"To, goben. Zan saurara."

Baki shi ke yanka wuya. A hanyar gida Zakara ya auna abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowannensu zai iya ƙwace masa shirin. Sai ya zaɓi wadda ya tabbata ba ta da haɗari: matarsa, tela, wadda ba ta taɓa riƙe makirfo ba.

"Maman yara, ki karanta farashin kasuwa da sanarwa, ki amsa waya in an kira. Kada ki ƙara ko wasali."

"Shekara goma sha bakwai ina jin kana gwaji a banɗaki," in ji ta. "Ko bokitin ya haddace."

Washegari ya zauna a bakin gado, rediyo a cinya. Ta yi sallama lafiya lau, ta soma farashi. Sai ta tsaya.

"Jama'a, wannan kuɗin tumatir ba gaskiya ba ne. Maigidana ne ya rubuta, kuma rabonsa da kasuwa tun kafin a haifi 'yarmu ta fari. Wadda ta sayo jiya ta kira ta faɗa mana."

Mata suka yi ca a waya. Wani direba ya ce dariya ta sa shi wuce kwanarsa. Har jami'ar haraji ta kira, wai albasa take tambaya.

Ranar Alhamis manaja ya tare shi da takarda, baki har kunne.

"Albishirinka! Hukuma ta yarda kai mai zaman kanka ne. Ba abin da ya ɗaure ka da mu, ba abin da ya ɗaure mu da kai." Ya sosa ƙeya. "Af, Madam tana da sarari daga Litinin?"

Ran Litinin shi ya wanke kofin shayin, ya sa wa matarsa a jaka tare da matashin. Ƙarfe shida da kwata ya ji ta manta ba ta faɗi lokaci ba, ya ɗauki waya don ya gyara mata. Layin a cike yake. Duk shekarun nan bai san layin yana iya cika ba.

Ya gyara zama, ya sake bugawa.